Awarwaron Injiniya

Duk layin masu gyara babu wanda zai iya tuna ranar da aka fara kiransa Injiniya. Shi kansa bai sani ba, amma kuma bai taɓa cewa a daina ba. Shagonsa yana tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da batura, ɗan tsukukun wuri ne da mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya shanye cikinsa. Tebur ɗaya ne a ciki, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da mitar gwada wuta, da ƙarfen narka dalma, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshin da shi kaɗai ya san gidan kowace. A hannun dama kuma akwai taga mai ƙarafuna, waɗanda aka dasa cikin bango tun ginin farko.

Mutum ne mai cika baki, wannan ba a ɓoye yake ba, sai dai abin haushin shi ne yakan cika abin da ya faɗa. Idan aka kawo masa kwamfuta, mai ita ya fara zuba bayani, sai ya ɗaga masa hannu ya ce ya kunna ta kawai ya yi shiru. Ya karkata kunne ya saurari kukan fanka, ya kai hanci ya sunsuna bayanta, sannan ya faɗi ciwon kamar wanda ya kwana a cikinta. Mai batura yakan ce da Injiniya likita ne, da marasa lafiya ba su sha wahalar bayani ba, sunsuna su kawai zai yi.

Ba haka ya so rayuwa ta zo masa ba. A sakandare shi ne gwanin lissafi da kimiyyar fizis, malamai har sun gama yi masa mafarkin jami'a. Ana fitowar sakamako mahaifinsu ya kwanta, bai tashi ba. Ga uwa, ga ƙanne, ga 'yar autarsu da ko ɗaura ɗankwali ba ta iya ba. Sai ya ninke takardar sakamakon ya jefa ƙasan akwati, ya je ya durƙusa gaban Baba Mai Rediyo ya ce a koya masa aiki.

Baba Mai Rediyo tsoho ne mai ƙarancin magana da saurin hannu, kuma yana da doka guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: kafin ka sa hannu cikin kowace na'ura, sai ka fara taɓa ƙarfen taga. Ranar da ka manta, ƙotar sukundireba ce za ta tuna maka a bayan yatsu. Sau ɗaya Injiniya ya yi ƙarfin halin tambayar dalili, tsohon ya ce shi ma haka ya tarar, kuma da ya tambaya dukan ya sha. Daga rediyo aka koma talabijin, daga talabijin aka koma kwamfuta, tsohon ya rasu, shagon ya zama na Injiniya, amma hannun damansa bai daina zuwa taga ba. Matarsa har tsokanarsa take yi, wai tagar nan ta fi ta samun gaisuwa a yini.

Auta kuwa shi ya tsaya mata tsayin daka. Ta yi difloma, ta wuce ta yi digiri a fannin injiniyancin kwamfuta, ta dawo tana koyarwa a kwalejin fasaha. Yana alfahari da ita ƙwarai, ko'ina ya zauna sai ya sako zancenta. Amma akwai abin da ke sukarsa a rai wanda bai taɓa gaya wa kowa ba: duk duniya na ce masa Injiniya, ban da ita. Yaya take ce masa, da ladabinta da komai, amma Yaya kawai. Shi kuma sai ya rama da tsokana, yana cewa 'yan boko sunan ciwo suka sani, maganin yana layin masu gyara. Ta yi murmushi ta zuba masa ruwa a kofi.

Abin da ya fi ƙauna a duk aikinsa ba shagon ba ne, wani zaure ne a wata cibiya inda ɗalibai ke zuwa rubuta jarrabawa a kwamfuta. Tun zauren yana fili fetal aka kira shi. Shi ya haɗa na'urorin ɗaya bayan ɗaya, shi ya ja wayoyi ta ƙarƙashin tebura yana rarrafe, shi ya liƙa wa kowace lamba. Ɗaki ne rufe ruf, babu taga ko ɗaya, ƙasa shimfiɗe da kafet mai laushi, na'urar sanyaya ɗaki na hurawa har sai leɓe ya bushe. Idan ya shiga da safe ya kunna su gaba ɗaya, ya ji sun ɗauki kuka tare, sai ya ji a ransa babu wanda ya kai shi. Abu guda ne ke ɓata masa rai a wurin. Na'urorin zauren suna da wata irin mutuwar rainin hankali. Ya gyara guda lafiya lau, ya gwada, ta yi aiki, bayan 'yan watanni sai ta fara sumewa, ta farfaɗo, ta sake sumewa, har ta tafi gaba ɗaya. A shago hakan ba ta faruwa. Ya ɗora laifin a kan jabun kaya, ya zagi 'yan kasuwa iya son ransa, ya ci gaba da canzawa.

Wata safiya Manajar cibiyar ta kira shi ofis. Mace ce da ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Injiniya, ni da kai babu ɓoye-ɓoye," in ji ta. "Masu sa ido na hukuma sun zo. Sun ce daga yanzu duk wanda zai buɗe na'ura a zauren nan sai mai takardar shaidar ya koyi aikin. Kafin su sake zagayowa, ko ka kawo mini takarda, ko in ɗauko wani. Ba na so, amma ba zan bari a rufe mini wuri ba."

Ya yi dariya, ya ce ta tambayi na'urorin wa ya haife su. Ta ce ta tambaya, ba su da bakin amsa wa masu sa ido. Ya fito yana taku irin na wanda abin ko a jikinsa, amma da ya leƙa zauren ta ƙofa, ya hango wani baƙo a ransa yana kwance masa wayoyin da ya ja da gwiwoyinsa, sai takun ya gagare shi.

Ranar bai koma shago ba, gidan Auta ya wuce. Ya zauna ya sha ruwa, ya tambayi maigidanta da yara, ya yi zancen tsadar kaya, sai da ta gaji ta tambaye shi ko lafiya. Da ya faɗa mata, ba ta yi dariya ba, kuma ya gode mata a ransa da wannan. Ta yi masa bayani dalla-dalla cewa aikin hawa-hawa ne. Akwai kwas na 'yan watanni da ake ba mai gyara takardar ƙwarewa, shi ne abin da masu sa ido ke nema, kuma sakamakon sakandare mai lissafi da kimiyya ya isa a shiga. Sama da shi akwai difloma, inda ake shiga cikin lantarki da haɗa na'urori da juna sosai. Can sama kuma digiri, na masu zana allon cikin na'ura da shi yake gyarawa tun daga farar takarda. Ya ce shi duk wannan tsanin bai dame shi ba, su ajiye masa matacciyar kwamfuta kawai a gaban manyansu, in bai tashe ta ba kafin shayi ya huce su kore shi.

"Yaya, ba a yin haka," ta ce. "Sai ka zauna a aji. Kuma ajin yamma na kwas ɗin ni nake ɗauka."

Ya dube ta, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi, amma ba ta janye maganar ba. Da ya koma gida ya zazzage akwatin nan, ya ciro takardar sakamakon da ta yi ja don tsufa. Matarsa ta ce to madalla, gobe sai ta haɗa masa abin tafiya makaranta tare da na yara.

Kujerar ƙarshe ya zaɓa, ya harɗe hannu a ƙirji, furfurarsa na haske a cikin samari da 'yan matan da ya isa ya haifa. Auta ta shigo, aji ya gaishe ta da Malama, shi ya motsa baki kawai. Makonnin farko ya sha wuya, kai, ba ƙarama ba. Abin da hannunsa ya sani tun tuni sai ga shi da suna da lissafi da zane, kuma ana so ya rubuta. Ya san wannan wayar ba ta haɗuwa da waccan, amma da aka ce ya faɗi dalili sai ya tsaya yana susar ƙeya. Gwajin farko da aka raba takardu, wata siririyar yarinya mai gilashi da ko riƙe sukundireba ba ta iya ba ta ninka shi maki. Auta ta ajiye masa tasa a kife, ta wuce ba ta dube shi ba. Ya ji kunya har cikin ƙashinsa. Amma shi ba mutumin da ake kayarwa ya kwanta ba ne. Ya ce ai lissafin nan tsohon abokinsa ne, fushi kawai yake yi don an daɗe ba a gaisa ba. Ya koma kujerar tsakiya, ya fara tambaya har 'yan aji suna ƙorafin ba ya bari a tashi.

Ranar da aka shiga ɗakin gwaji, Auta ta raba wa kowa wata igiya mai maɗauri, a ɗaura a wuyan hannu, ɗaya bakin mai ɗan maƙali a maƙala shi jikin ƙarfen da aka haɗa da ƙasa. Ta ce babu mai taɓa allo sai da ita. Injiniya ya ɗaga tasa da yatsu biyu, ya ce shi tun kafin a haifi rabin ajin nan yake buɗe kwamfuta, bai taɓa sa awarwaro ba, ba kuma yau zai fara ado ba. Aji ya kwashe da dariya.

Ba ta yi fushi ba. Ta roƙe shi ya taso, ta sa ya goga takalmansa a kan wani yankin kafet, sannan ya kai yatsa kusa da ƙarfen ƙofa. Ɗas! Ya janye hannu yana yarfewa. Ta juya ga aji ta ce wannan lantarki ne da jiki ke tarawa daga tufafi da kafet, musamman inda iska ta bushe. Wanda mutum ya ji har ya zabura babba ne. Wanda ke lalata ƙananan sassan allo bai kai a ji shi ba sam. Kuma ba lallai na'ura ta mutu nan take ba, rauni yake yi mata a ciki, ta yi ta aiki kamar lafiya, sai bayan watanni ta fara sumewa. Maganinsa kawai mutum ya sauke lantarkin a ƙasa kafin ya taɓa, ko da igiyar nan, ko aƙalla ya taɓa ƙarfen da ke dashe a gini.

Injiniya ya tsaya cak a gaban aji. Tagar shagonsa ta faɗo masa a rai, da ƙotar sukundireba a bayan yatsu. Sai kuma zauren nan nasa, kafet daga bango zuwa bango, busasshiyar iska, babu taga ko ɗaya. Shekara da shekaru yana shiga can hannunsa ya nemi ƙarfe ya rasa, ya ce ai dama al'adar tsofaffi ce, ya zura yatsu cikin allo. Ashe 'yan kasuwar da ya yi ta zagi ba su ci ba, ba su sha ba. Kunya ta kama shi, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da bai zata ba, domin yau ya samu amsar tambayar da aka doke shi a kanta yana saurayi. Ya miƙa wa Auta hannu a gaban kowa.

"Malama, ɗaura mini."

Tun daga ranar igiyar ba ta bar shi ba, a shago ko a zaure. Mai batura ya sa shi gaba, wai Injiniya ya zama amarya, saura lalle. Injiniya ya ce masa ya yi ta dariya, jahilci ne ke ɗawainiya da shi, ya zo ya zauna a yi masa bayani kyauta. Kuma da gaske ya riƙa yi, duk wanda ya tsaya sai ya sha karatun lantarkin jiki har ya nemi hanyar gudu.

Jarrabawar rubutu ya wuce ta, ba da rawar gani ba, amma ya wuce. Saura ta aiki, wadda ita ce mai yanke hukunci, kuma lokacin zagayowar masu sa ido ya matso. Wani dattijo aka turo daga waje ya kula da ita, mai fuska kamar bai taɓa jin abin dariya ba. Auta ba ta da izinin shiga, tana baranda tana kai da kawo. Kowane ɗalibi da teburinsa, an ajiye masa matacciyar kwamfuta da mita da kayan aiki da igiyar hannu, ga agogo a bango.

Injiniya ya danna maɓalli, na'urar ta yi wani ɗan kuka a jere. Ya kusa yin dariya. Katin ƙwaƙwalwarta ne bai zauna daidai ba, abin da yake gyarawa yana hira da mai batura. Hannun damansa ya tafi neman taga da kansa, ya tsaya a iska, babu komai a wurin sai farin bango. Ya dawo da shi. Ya zare wayar wuta, ya danna maɓalli don sauran wutar ciki ta fita, ya buɗe murfi, ya ɗaura igiya, ya maƙala bakinta. Har ya miƙa yatsu sai ya tuna abin da Auta ke nanatawa har aji ya haddace, cewa igiyar da ba a gwada ba ado ce kawai. Ya ɗauko mita ya ɗora a baki biyu. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sake, ya murɗa, ya gwada mitar a wani ƙarfe ya ga lafiyarta ƙalau. Wayar igiyar a tsinke take ta ciki.

Nan fa aka yi ta. Ta gefen ido yana ganin yara sun yi nisa, wani har ya fara mayar da murfi. Shi da ake labarin saurinsa a layi guda, ko taɓa allo bai yi ba. Igiyar tana hannunsa, daga nesa babu mai cewa ba ta aiki. Tura kati ɗaya ne, ya gama kafin kowa, ya fita yana taku. Zuciyarsa ta ce masa sau ɗaya dai ba ya kashe na'ura. Sai ya tuna na'urorin nan na zaurensa, waɗanda suka yi ta sumewa ɗaya bayan ɗaya, kowace sau ɗayan ce ta same ta. Ya cije leɓe, ya ɗaga hannu sama kamar ɗan firamare, da furfurarsa da komai.

Dattijon bai yi sauri ba ko kaɗan. Da ya iso ya tambayi abin da ya faru, Injiniya ya ce igiyar a tsinke take. Dattijon ya tambaye shi yadda aka yi ya sani, ya nuna masa a mita. Ya sake tambayarsa to mene ne in ya yi aikin haka nan, tunda ga ciwon a fili. Injiniya ya buɗe baki ya zuba bayani tiryan-tiryan, abin da watanni kaɗan baya da sai dai ya ce haka ya tarar. Dattijon ya karɓi igiyar. Ya tafi a hankali, ya buɗe aljihun tebur, ya dawo da wata igiyar. Injiniya ya gwada ta ita ma a gabansa, sannan ya zaunar da katin, ya duba sauran sassan bi da bi, ya rufe, ya kunna. Fuskar kwamfutar na kawo haske ana cewa lokaci ya cika. Shi ne na ƙarshen fita.

A baranda ya tarar da Auta idonta ya yi ja. Ta tagar ƙofa ta hango shi hannu a sama, kowa na aiki shi yana jira, kuma ba ta da ikon cewa komai. Ya ce mata ta share ido, in ma faɗuwa ce ya faɗi a kan daidai, zai sake zama. Faɗa kawai ya yi, don ya san Manaja ba za ta iya jiran zama na biyu ba.

Sai da sakamako ya fito aka san halin dattijon. Ashe kowane tebur da tarkon da ya ɗana masa ban da ciwon da ke fili, wani igiya, wani wayar wuta, wani fankar da aka cire wa haɗi, kuma makin tarkon ya fi na saurin gamawa nesa ba kusa ba. Yarinyar nan mai gilashi ita ta zo ta ɗaya. Injiniya yana cikin na sama-sama, kuma ya je har kujerarta ya taya ta murna, ya ce in ta tashi koyon riƙe sukundireba shagonsa a buɗe yake.

Ya kai wa Manaja takardar da kansa, cikin sabuwar riga. Ta karanta, ta ɗago ta ce ai nan ba a rubuta Injiniya ba, ƙwararren mai gyaran kwamfuta aka rubuta. Ya ce ya sani. Wancan sunan, 'yan layi ne suka ba shi kyauta, mai shi na gaskiya tana kwalejin fasaha, ƙanwarsa ce. Wannan ƙaramin kuwa da guminsa ya same shi, kuma ya riga ya tambayo yadda ake shiga difloma, don haka kada ta saba da shi da yawa. Masu sa ido suka zo suka duba suka tafi, zauren ya ci gaba da zama nasa. Abu na farko da ya yi shi ne ya sa aka ja ƙarfe mai haɗe da ƙasa a bakin kowane layi, ya sayi tabarmar aiki ta musamman, ya rataye igiya a bayan ƙofa.

Watanni suka shuɗe, aka yi zangon jarrabawa mai cunkoso, ɗalibai na shiga suna fita, aka gama. Wata safiya ya shiga zauren shi kaɗai, ya kunna na'urorin gaba ɗaya, ya bi layi-layi yana saurare har ya kai bango. Sannan ya zauna a kan kafet ɗin nan, ya ciro waya ya kira Auta. Tana ɗauka ta fara gaisuwa, ya katse ta.

"Auta, ko ɗaya ba ta mutu ba."

Yana jin hayaniyar ɗalibanta a bayanta. Can ta ce, da wata murya da ba ta aji ba, "Yaya, awarwaron yana hannunka?"

Ya dubi wuyan hannunsa, ya dubi layukan da ke ta kuka tare.

"Yana nan, Malama," ya ce. "Na gwada shi ma da safe."